Wahalar da na sha a kan madogara da tsarin rubutu kafin maƙalata ta shiga mujallar falsafa

Sau biyu ana dawo min da maƙalar nan tun kafin wani ya karanta ko layi ɗaya daga cikin hujjojin da na kwana ina ginawa, kuma duka biyun ba maganar falsafa ba ce ta jawo, na farko sunana ne ya maƙale a cikin fayil, na biyu kuma yadda na jera madogara ne da tsawon rubutun. Shi ya sa na ce bari dai in zauna in rubuta yadda abin ya gudana daki-daki, don 'yan uwa masu digiri na biyu da na uku a nan Legas da ke ta tambayata a WhatsApp, wallahi na gaji da tura saƙon murya na minti goma-goma ina maimaita abu ɗaya.

Ni a Agege aka haife ni, mahaifina fataken goro ne suka kawo shi ya zauna, ina koyarwa a wata sakandare da safe, ina kuma digiri na uku a fannin falsafa a ɗaya daga jami'o'in nan na Legas. A sashenmu ba za a ba ka ranar kare kundi ba sai ka nuna maƙala biyu da aka buga ko aka karɓa a mujalla ta ilimi. Ta farko na samu ta shiga wata mujalla ta cikin gida ba da wata wahala ba, ta biyun ce na ɗaura aniyar sai na kai ta waje. Abin da na rubuta a kai shi ne kunya. Aristotal, masanin falsafar nan na tsohuwar Girka, a littafinsa na ɗabi'a ya ce kunya ba ta cikin kyawawan halaye na asali, ta fi kama da wani abu da ke taso wa mutum a rai kamar tsoro, kuma yara da matasa ta dace da su, babba mai hankali bai kamata ya yi abin da zai ji kunya ba balle a yabe shi da ita. Mu kuma a wajenmu dattijo ma da kunya ake yabonsa, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, suruki ba ya cin abinci gaban surukinsa, kuma babu wanda ya yi laifi a cikinsu. To na ce ashe abin da muke kira kunya da abin da shi yake magana a kai ba abu ɗaya ba ne, kuma bambancin na da abin da zai koya wa masu nazarin ɗabi'a. Wannan ce maƙalar, daga babi na huɗu na kundina na yanko ta.

Kafin in je ko'ina sai da na kusa faɗawa rami. Wani imel ya shigo min, ana kirana da Farfesa, ni da ko Dakta ban zama ba, wai wata mujalla ta duniya tana gayyatata, za su duba su buga cikin sati ɗaya, in biya dala 150. Gaskiya raina ya biya, don lokaci na ƙurewa, har na fara lissafin nawa ne a naira. Ranar Juma'a bayan an sauko na haɗu da wani Dakta ɗan Zariya da ke koyarwa a nan, wanda muke ɗauka kamar yaya, na nuna masa a waya. Ya gungura ƙasa ya ce, "Malam, duba nan, lambar da suka fitar ta ƙarshe akwai maƙala a kan kiwon kifi, akwai ta injiniya, akwai ta falsafa, wace irin mujalla ce ke cin kowane tuwo da miya ɗaya? In ka kai wannan gaban kwamiti sai dai ka yi asarar kuɗi da maƙalar gaba ɗaya." Na ce, "Ranka ya daɗe, to ina zan nufa?" Ya ce in hau PhilPapers, shafin intanet da ke tara bayanan maƙalun falsafa, in ga inda ake buga irin abin da nake rubutawa, in leƙa shafin AJOL don mujallun Afirka, in na zaɓi ɗaya in sauke shafinsu na umarni ga marubuta in buga shi a takarda, sannan in sauke maƙala uku daga fitowarsu ta baya-bayan nan in ajiye a gefe ina kwaikwayon tsarinsu. Na ce to. Na zaɓi mujallar, amma shafin umarnin nan sama-sama na karanta shi a cikin danfo, motar hayar nan ta Legas, tsakanin Oshodi da Yaba, ana ta kiran fasinja, na ce ai duk tsarin ɗaya ne. A nan na fara yi wa kaina.

Watan Maris na 2024 ana cikin azumi na yi turawar farko. Mujallu irin waɗannan ba ta imel ake tura musu ba, suna da shafin karɓa, wasu ScholarOne, wasu Editorial Manager, da yawa daga na Afirka kuma OJS suke amfani da shi. Sai ka buɗe akawun, sai su nemi lambar ORCID, wata lamba ce mai gurbi 16 da ke zama kamar katin shaidar mai bincike, kyauta ce kuma minti biyar ta ishe ka, amma ni a daren na fara jin sunanta. Sannan tsakure, sannan fitilun kalmomi, sannan wasiƙa ga edita, sannan tambayoyi ko wani ya ɗauki nauyin binciken, ko akwai wata alaƙa da za ta sa ka son kai, ko maƙalar na gaban wata mujalla a yanzu. Wannan ta ƙarshen ku riƙe ta da kyau, ba a tura maƙala ɗaya wuri biyu a lokaci guda, in aka kama ka sunanka ya ɓaci. Bayan tarawihi na fara, ba wuta, laftof na kan kashi talatin, netwok na zuwa yana tafiya, sai wajen ƙarfe ɗaya na dare abin ya wuce. Na yi sahur ina jin kaina kamar na sauke dutse.

Kwana huɗu sai ga amsa, ba ma daga edita ba, daga mai kula da ofishin mujallar. Layi uku kacal, wai maƙalar ba ta cika sharaɗin ɓoye suna ba, in gyara in sake turowa. Na ce ikon Allah, ni da na cire sunana daga shafin farko? Ashe ba a nan kaɗai suna yake ba. Yawancin mujallun falsafa mai duba maƙala bai san wanda ya rubuta ba, kai ma ba ka san shi ba, wasu ma har editan ba ya ganin sunan sai an yanke hukunci. Ni kuwa a bayanin ƙasan shafi na ɗaya na yi godiya ga sufabaizana da sunansa da sunan jami'a, a tsakiya na rubuta cewa kamar yadda na yi bayani a maƙalata ta baya, na kawo sunana da shekara, sunan fayil ɗin ma sunana ne da kalmar fainal a gaba. Mafi ban haushi shi ne wanda ido ba ya gani, Word na ajiye sunan mai kwamfuta a cikin bayanan fayil, kuma gyararrakin da malamina ya yi min a gefe suna nan da sunansa, na dai ɓoye su ne ban goge ba. Wani yaro mai gyaran kwamfuta a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Legas, da na kai wa laftof saboda batir shi ya nuna min, ya ce "Oga shiga File, sai Info, sai Check for Issues, sai Inspect Document," ya danna, sai ga komai ya fito, ya share. Abin da ya kamata shi ne fayil biyu, ɗaya shafin take mai ɗauke da sunanka da adireshi da godiya, ɗaya kuma maƙalar tsirara ba suna. In dole sai ka ambaci aikinka na baya, ka ambace shi kamar na wani ne, ko ka bi yadda mujallar ta ce a rufe shi, don wasu cewa suke a rubuta an cire saboda tantancewa.

Na sake turawa, bayan sati ɗaya ta sake dawowa. Wannan karon abu biyu. Iyakarsu kalma 8,000 har da bayanan ƙasan shafi, tawa ta haura 11,000, ni na zata na ƙasan ba sa cikin lissafi. Na biyu kuma salon madogara, su Chicago suke bi, ni kuma APA na yi, don shi aka koya mana tun digiri na farko kuma shi makarantar gaba da digiri ke nema a kundi. A nan ne na zauna na karanta shafin umarnin nan da biro a hannu, wanda da tun farko na yi da ban ɓata wata guda ba. Kuma kada wani ya ce maka Chicago kawai ka tafi, iri biyu ne. Akwai mai sa ƙaramar lamba a saman kalma a kawo cikakken bayanin littafi a ƙasan shafi, akwai kuma mai sa sunan marubuci da shekara a cikin baka a cikin rubutu, sai jerin manazarta a ƙarshe. Tawa mujallar na biyun take so. Da ka kalle shi sai ka ce ai APA ne, amma ba shi ba ne. A APA bayan suna akwai waƙafi, sai shekara, sai waƙafi, sai harafin p da ɗigo kafin lambar shafi. A Chicago suna da shekara ba komai a tsakaninsu, sai waƙafi, sai lambar shafi ita kaɗai. A jerin manazarta APA harafin farko na sunan marubuci kawai yake so kuma shekara na cikin baka, Chicago cikakken suna yake so kuma shekarar na tsaye tsakanin ɗigo biyu. Taken littafi a APA kalmar farko ce kawai ke da babban baƙi, a Chicago kowace babbar kalma. Dogon zance da ka ciro daga wani, APA na cewa daga kalma 40 a ware shi a tura shi ciki, Chicago sai ya kai wajen kalma 100. Sannan duk ibid ɗin da na barbaɗa, wato kalmar da ke nufin a koma ga madogarar da aka ambata yanzu, sai da na cire, tun bugu na 17 na 2017 Chicago ta daina ƙarfafa amfani da shi. Ƙananan abubuwa ne kamar tsakuwa a shinkafa, amma manazarta arba'in da wani abu gare ni, kowanne sai na bi shi.

Inda na fi jin kunya, tunda maganarta ake, shi ne Aristotal. Na rubuta sunansa, sai shekarar da aka buga fassarar da na saya a wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a Yaba, sai shafi kaza. Da na kai wa Dakta ya duba, dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce, "Malam, ashe mutumin nan da ransa har kwanan nan yana rubutu ba mu sani ba?" Sai ya buɗe littafin nawa ya nuna min wasu ƙananan lambobi a gefen shafi waɗanda shekara da shekaru ina ganinsu ban taɓa tambayar na mene ne ba. Lambobin Bekker ake ce musu, daga bugun da Immanuel Bekker ya shirya a Balin a 1831, duk wata fassara ta kirki tana ɗauke da su. Maganar kunya tana farawa a 1128b10, wato shafi na 1128 a wancan bugun, ginshiƙi na biyu, layi na goma. Aflaton, malamin Aristotal, ma haka, nasa lambobin Stephanus ne daga bugun 1578 na Jeneba, kowane shafi an kasa shi a zuwa e, shi ya sa za ka ga an rubuta 514a a farkon shahararren misalin kogo da ya kawo a littafinsa Republic. Kant, masanin falsafa Bajamushe, kuma babban littafinsa bugu biyu ne, na 1781 da na 1787, sai a sa A da B. Dakta ya ce, "Kai da ka yi makarantar allo, in za ka kawo aya cewa kake shafi na kaza a bugun Madina? Ai sura da aya kake faɗa, mai bugun Warash na Kano da mai na Misira duk su same ta." Wallahi a nan kaina ya buɗe. Da ina ɗaukar dokokin nan a matsayin fi'ili na Turawa don a wahalar da mu, ashe isnadi ne, wa ya faɗa, a ina ka samo, ta wace hanya wani da ke wata ƙasa riƙe da wani bugu daban zai bi ya tarar da ainihin wurin ya gani ko ka yi wa mai maganar adalci. Mu da muka taso ana ce mana hadisin da ba shi da sanadi ba a kafa hujja da shi, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Ita fassarar da ka yi amfani da ita kuma a jerin manazarta take zuwa, da sunan mai fassara.

Daga nan sai na bi sauran da wannan idon. Alƙur'ani sura da aya a cikin rubutu, ba a sa shi a jerin manazarta, sai dai in fassarar wani ka ɗauko ka faɗi ta wa ce. Hadisin da ke cewa kunya wani yanki ne na imani na sa Bukhari, Kitabul Iman, lamba 9, na kuma faɗi bugun da na duba tunda lambobi kan saɓa tsakanin bugu da bugu. Wanda ke cewa in ba ka jin kunya ka yi abin da ka so kuwa shi ne na 20 a Arba'una ta Nawawi, kowane ɗan Islamiyya ya san shi, amma mai karatu a can bai sani ba sai ka nuna masa. Sunayen Larabci su ma aiki ne, Imam Gazali na rubuta shi iri uku a maƙala ɗaya, sai da na tsaya a kan ɗaya, kuma a jeri ba a ƙarƙashin A yake ba duk da al ɗin da ke gaban sunan, a ƙarƙashin G yake. Ƙamusun Hausa na Bargery na 1934 kuma kalmar da ka duba ake nunawa. Sai laccar Kirk-Greene, wani Bature manazarcin Hausa, a kan mutumin kirki da aka buga a 1974 a Jami'ar Indiana, inda ya lissafo kunya cikin halaye goma tare da su gaskiya da amana da haƙuri da mutunci. Abin da ke hannuna hoton hoto ne, injin ya cinye lambobin shafi, kuma gaskiya wata jimlar ma ba a cikinsa na gani ba, a kundin wani na tsince ta na jingina masa kai tsaye. Wannan kuskure ne babba, in ba ka ga asali da idonka ba ka ce wane ne ya kawo daga wane. Sai da na roƙi wani abokina a Kano ya shiga laburare ya ɗauko min hoton shafukan da waya, da na gwada sai na ga mai kundin ya canja kalma biyu. Da na bari haka da na yi wa mutum ƙarya da sunan ilimi.

Akwai kuma wani dattijo a unguwarmu, abokin mahaifina, wanda na zauna da shi sau uku a ƙofar shagonsa muna maganar kunya da kara da kawaici, kuma mafi kyawun abin da ke cikin maƙalar daga bakinsa ya fito, shi ya rarrabe min kunyar da ke zuwa bayan ka yi laifi da wadda ke hana ka nuna abin da ma halal ne a gare ka, kamar son ɗanka. Ban san yadda ake kawo irin wannan ba. Na tambayi ofishin mujallar ta imel, suka ce hirar da ba a buga ba a bayanin ƙasan shafi take zuwa, da suna da wuri da rana da harshen da aka yi ta, kuma sai da izinin mai maganar. Na koma na ce, "Baba, maganganun nan naka zan sa a takardar Turawa, ka yarda a sa sunanka?" Ya ce, "Kai ɗan nan, ni me na faɗa da ba a sani ba? Sa mana, amma kada ka ƙara min gishiri." Na rubuta ranar, na sa ya faɗi yardarsa na naɗa a waya. Karin magana kuma kowanne na kawo shi da Hausa a karkace, fassara na biye, na rubuta sau ɗaya a farko cewa duk fassarar tawa ce.

A tsakiyar wannan aiki ne aka nuna min Zotero, manhaja ce kyauta, kana zuba mata littattafanka tana jera su da salon da ka zaɓa, in maƙala na da lambar DOI ma, wato lambar shaidarta ta intanet, ita ke jawo bayanan da kanta. Ta taimaka sosai, amma kada ka miƙa mata wuya, abin da ka zuba shi take fitarwa, sunayenmu masu ɗan da bin da al sai ta juya su yadda ta ga dama, sai ka bi da hannu. Yanke kalma 3,000 kuma ya fi komai ciwo, duk shimfiɗar nan da muka saba ta ma'anar falsafa da tarihin Hausawa na zubar, mujalla ba kundi ba ce, a sakin layi na farko suke son jin me kake da'awa.

A turawa ta uku shafin ya haɗa fayil ɗin ya mayar PDF ya ce in duba kafin in amince. Allah ya sa na duba, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sun koma ƙananan akwatuna. Salon haruffan da na zaɓa, wato font, shi ne ba shi da su. Na sauke wani mai suna Charis SIL, shi ma kyauta ne kuma yana da duk baƙaƙenmu masu lanƙwasa, na sake ɗorawa suka fito, na kuma ambata a wasiƙar edita cewa akwai haruffa na musamman. Sai jira. Kullum sai na leƙa shafin ko sau biyar, wata ɗaya yana cewa tana wajen edita, sannan ya koma tana wajen masu dubawa ya tsaya cak. Uwargida har ta fara tsokanata wai na yi sabuwar budurwa a intanet. Da aka shiga wata na huɗu na tura gajeren imel cikin ladabi ina tambaya, suka ce mai dubawa ɗaya ake jira. A watan Agusta amsa ta zo, ba karɓa ba, ba kora ba, a gyara a sake turowa. Ina cikin bas ɗin BRT na karanta, mai dubawa na farko ya yaba ya kawo gyara shida, na biyu kuwa shafi uku ya rubuta, ya ce tara karin magana da al'ada ba shi ne falsafa ba, ya jefo min sukar da Paulin Hountondji, masanin falsafa ɗan ƙasar Benin, ya yi wa irin wannan aiki. Kwana biyu ban buɗe laftof ba don haushi. Da na huce sai na ga rabin maganarsa gaskiya ce, na kawo abin da Hausawa ke cewa ban tsaya na auna ko hujjar ta tsaya da ƙafarta ba. Na ƙara sashe guda, na kuma kare hirar da na yi da Baba da hanyar Odera Oruka na Kenya, wanda ya riƙa zama da dattawa masu tunani yana muhawara da su a matsayin masana. Sai wasiƙar amsa, kowane gyara na kwafo shi na rubuta abin da na yi da shafin da yake, inda ban yarda ba na faɗi dalili ba tare da zafi ba, ita ma wasiƙar ba suna.

A nan na sake yin wani wayon banza. Na ji Chicago ta fitar da bugu na 18 a 2024 kuma an daina sa garin da aka buga littafi, sai na bi na goge su Landan da Ibadan da Zariya duka, ina jin ni na waye. Da aka karɓi maƙalar a watan Janairu, mai tace rubutu ya turo min tambaya ashirin da wani abu, yawancinsu ina garin bugu, don su har lokacin na 17 suke bi. Abin da mujalla ta rubuta a shafinta shi ne doka, ko da littafin dokar ya canja. Na sa hannu a takardar haƙƙin bugu ta intanet, suka tambaya ko ina son a buɗe maƙalar kowa ya karanta kyauta, wannan ne ke da kuɗi masu yawa da dala, na ce a'a, ban biya ko kwabo ba. Da azumi ya zagayo sai ga shafukan gwaji, wai in duba cikin awa 48. Nan ma sai da na tsinci ɓarna, masu jera rubutu sun mayar da ƙ ta koma k a wurare, inda na rubuta kunyar baƙi ya koma kunyar baki, ɗan fari ya koma dan fari. Na bi ɗaya bayan ɗaya na yi alama, na rubuta musu cewa haruffa ne daban kuma ma'ana na canjawa.

In aka tambaye ni kuɗi, abin da na kashe bai wuce na data da buga takardu da kuɗin mota da ɗan abin da na tura wa abokina na Kano ba, sai man janareta na dare biyu. Lokaci ne ya tafi, shekara guda cur, kuma wata ɗaya da rabi a ciki ni na jawo da hannuna. Da zan sake, mujalla zan fara zaɓa kafin in yanko maƙala daga kundi, in buga umarninsu in manna a bango, in ƙirga kalmomi har da na ƙasan shafi. Duk littafin da na taɓa a ranar zan rubuta cikakken sunan marubuci da shekara da maɗaba'a da gari da shafi, in zan yi hoton littafi in fara da bangonsa da shafin da ke bayan take, don neman waɗannan daga baya shi ya fi cin rai. Kowane suna da ke cikin rubutu ya kasance yana jerin manazarta, kowane na jeri kuma an ambace shi a ciki, wannan da biro na bi shi a takarda don ido na zamewa a allo. Kuma in abu ya shige maka duhu ka tambayi ofishin mujallar, suna amsawa, ni tsoro ne ya hana ni da farko ina ganin kamar za su raina ni.

Da ta fito na je shagon buga takardu na nan bakin titi na fitar da kwafi biyu, ɗaya na kai sashe aka sa a fayil ɗina, ɗaya na kai wa Baba bayan la'asar. Ya juya ta gaba da baya ya ce ina sunan nasa, na buɗe masa shafi na tara na nuna masa a ƙasa, bayani na 14, da sunan Agege da ranar da muka zauna. Ya matso da ita kusa da ido ya ce, "Au, a ƙasa aka sa ni, da ƙananan baƙi haka?" Na ce, "Baba, ai Bukhari ma ga shi nan a samanka, girmanku ɗaya a rubutun." Ya yi shiru, ya naɗe takardar ya tura ƙarƙashin buhun da yake zaune a kai, ya kira yaron shago ya ce a ɗebo min goro fari guda biyar.